Saiwar Jinsen Da Hannun Manomi



Zan yi magana ne a kan wata saiwa wadda ba ta fita a ƙasarmu, amma kusan kowa a nan ya taɓa ganin hotonta a jikin kwalin shayi ko kwalbar ƙwayoyin ƙarin kuzari. Sunanta jinsen. Tambayata ita ce: in mutum ya sayi saiwa biyu masu suna ɗaya, shin magani ɗaya ya saya? Ni dai na ce a'a, kuma yawancin dalilin yana gona.

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai na Asiya, watau Panax ginseng, wanda ake nomawa a Koriya da lardin Jilin na ƙasar Sin. Akwai kuma na Amurka, Panax quinquefolius, wanda wani fada Bafaranshe mai suna Lafitau ya gane kusa da Montreal a 1716; yau ana noma shi a jihar Wiskonsin da lardin Ontariyo na Kanada. Abin da ake nema a cikinsu wasu sinadarai ne masu ɗaci da ake kira jinsenosaid, waɗanda masanan Japan suka rarrabe a shekarun 1960, suka sa musu laƙabi kamar Rb1 da Rg1 da Re.

To, abu na farko da ke sauya yawansu shi ne shekaru. Jinsen ba ya gaggawa. Kowace kaka karansa yakan mutu, ya bar tabo a wuyan saiwar, da waɗannan tabbai ne ake ƙirga shekarunta. A Wiskonsin akan tone ta bayan shekara 3 ko 4. A Koriya kuwa wadda ta fi daraja sai ta cika 6. Sinadarin yana taruwa shekara bayan shekara, amma duk damanar da manomi ya ƙara jira, ruɓa na iya cinye masa gonar. Ku auna da manominmu na gero, wanda wata uku ko huɗu kawai yake jira.

Sai inuwa. Asalinsa tsiron kurmi ne mai sanyi, shi ya sa ake kafa masa rumfa da ke tare kimanin kashi uku bisa huɗu na hasken rana. In rana ta yi yawa ganyen ya ƙone, in duhu ya yi yawa saiwar ta tsumbure.

Amma inda na fi so ku ba ni hankalinku shi ne batun girma. Jinsenosaid ba a barbaje yake daidai cikin saiwar ba. Ya fi yawa a ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa, da kuma 'yan siraran saiwoyin nan masu kama da gemu. Tsakiyar kuwa yawancinta sitaci ne. Saboda haka in aka kumbura saiwa da taki, tsakiyar ce ke ƙaruwa fiye da ɓawon, sai kowane giram ya zo da sinadari kaɗan. Ga abin mamaki: kasuwa ta fi biyan kuɗi a kan saiwa mai ƙiba mai siffar mutum (sunanta ma da Sinanci yana ɗauke da kalmar "mutum"), alhali gemun da aka yanke, wanda ya fi ta ƙarfi in an auna, da araha ake sayar da shi. Ashe ido da ma'auni ba su yarda da juna ba, kuma manomi, da yake ido ne ke biyansa, ido yake yi wa noma.

Ita ƙasar ma ba ta yafewa. Gonar da aka tone jinsen ba a sake shuka shi a cikinta sai bayan shekara 10 ko fiye, domin wata funfuna mai ruɓar da saiwa tana zama a ciki. A da, wannan ya jawo saran kurmi mai yawa a Jilin don neman sabuwar ƙasa.

Kada in ɗora wa manomi kome da kome. Akwai na gado: sinadarin Rf yana cikin na Asiya, babu shi a na Amurka, kome kyan noma. Akwai kuma na bayan tono: in aka turara saiwar aka shanya ta, sai ta yi ja, wasu sinadaran su rikiɗe zuwa sababbi kamar Rg3. Wannan shi ne jan jinsen na Koriya.

Domin irin wannan bambanci ne kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya yanka cewa busasshiyar saiwa ba ta cancanci sunan magani ba sai jimillar Rg1 da Rb1 ta kai kashi 0.40 cikin ɗari. In kun koma ɗakunanku, masu kwalin shayin nan ku juya bayansa, ku duba ko an faɗi irin saiwar, da shekarunta, da wane sashenta aka niƙa, da abin da awo ya nuna.