Ɓarawo da Tutar Ƙasarsa: Siyasa a Finafinan Sata Masu Ban Dariya



Akwai wani irin fim da Turawa suka daɗe suna yi, watau labarin gungun ɓarayi da suka ƙulla babbar sata, a ba da shi cikin raha. Mai kallo yakan ɗauka nishaɗi ne kurum. Amma wanda ya yi dariya tare da ɓarawo ya riga ya goya masa baya. Saboda haka abin tambaya shi ne: wane ne ɓarawon, wa kuma aka yi wa satar?

A ɗauki The Italian Job, wanda aka yi a Ingila a 1969. Michael Caine ne ya fito a matsayin madugun ɓarayi Ingilishi waɗanda suka tafi birnin Turin na Italiya satar zinariya. Uban gidansu wani ƙasurgumin fursuna ne mai tsananin son Sarauniya, wanda yake ganin satar nan hidima ce ga ƙasa. Ɓarayin suka rikita kwamfutar da ke sarrafa fitilun titi, gari ya cushe, suka tsere cikin ƙananan motoci uku ƙirar Mini, ja da fara da shuɗiya, watau launukan tutar Birtaniya.

Ba a banza aka zaɓi launukan nan ba. A 1967 an karya darajar fam, kuma a shekarar ce Janar de Gaulle na Faransa ya sake hana Birtaniya shiga Kasuwar Tarayyar Turai, bayan hanin farko na 1963. Fim ɗin ya ba 'yan Ingila damar ramuwa a ɗakin sinima. Duk da haka, labarin ya ƙare ne da motar ɓarayin tana reto a bakin kwazazzabo, zinariya a gefe guda, su a gefe guda. Ƙasa ce mai alfahari wadda ba ta san inda za ta faɗa ba.

Su kuwa mutanen Italiya wata siffa dabam suka ba kansu. A fim ɗin Mario Monicelli na 1958, I soliti ignoti, wasu talakawan Rum ne suka yi niyyar fasa gidan jingina. Suka kwana suna huda bango, ashe ɗakin girki suka ɓullo. Suka zauna suka cinye tukunyar taliyar da suka tarar. A nan yunwa ce ta haɗa gungun, ba tuta ba, kuma dariyar ta tausayi ce ga waɗanda arzikin bayan yaƙi ya tsallake.

Darasin da ke ciki ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne, raha ba ta wanke fim daga siyasa. Da wasa ake faɗa wa wawa magana. In fim ya sa mutum yi wa ɓarawo fatan nasara, sai ya tsaya ya duba aljihun wa aka yanke.