A Shigo da Gizo Cikin Aji: Jawabi ga Malaman Firamare na Tambuwal da Kebbe

 

Kowane malami a nan ya san irin yaron da zan yi magana a kansa. A dandali bakinsa ba ya rufuwa, amma da ya shiga aji sai ya yi tsit. Yana maimaita abin da ke kan allo, in an tambaye shi ma'ana sai ya sunkuyar da kai. Irin wannan yaro ne ke gajiya da makaranta ya koma gona ko kiwo, yarinya kuma ta koma talla. Wata hanya ta buɗe bakinsa, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce a mai da tatsuniya wasan kwaikwayo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Duk shekara, daga goma ga watan azumi, yaranmu suna yin tashe. Su ke raba wa junansu matsayi, su nemo tsumma da auduga su yi gemu, ba tare da wani ya rubuta musu komai ba. Yawancin labaran da Frank Edgar ya buga a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, tsakanin 1911 da 1913, malaman Sakkwato ne suka rubuta su. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949 don koyar da tsabta da kiwon lafiya. A 1977 kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi Wasan Manoma a Soba, inda matsalolin manoman wurin suka zama jigon wasan.

To, yaya za a yi a aji? Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki suka ara wa Gizo fukafukai, suka tafi da shi cin ɓaure a tsakiyar kogi. Da suka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace.

Na farko, a bar yaro ɗaya ya ba da labarin yadda ya ji shi a gida. In wani ya ce ba haka kakarsa ta faɗa ba, a saurare shi shi ma.

Na biyu, a kasa ajin kashi-kashi, mutum shida ko takwas, kowane kashi ya kwaikwayi labarin da kalmominsa. Kada malam ya rubuta musu abin da za su faɗa. Tabarma ta isa kogi, benci ya isa itacen ɓaure.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Daidai inda hankaki za su zare gashinsu, malam ya tafa hannu, kowa ya tsaya cak. Sai ya tambayi 'yan kallo: da kai ne hankaka, za ka bar shi a tsakiyar ruwa? Duk wanda ya ba da amsa, kada a tsaya ga jin ta da baki. A ce ya fito ya karɓi matsayin, a gwada a gani. Wani kashi zai yafe wa Gizo, wani zai kai ƙara gaban Dila. A ba Ƙoƙi dama ta faɗi yadda haɗamar mijinta ta jawo mata wahala, domin a nan ne 'yan mata masu kunya kan sami abin cewa. Kafin a tashi za ku ji yara da kansu sun kawo zancen layin rijiya, da wanda ya ari fartanya bai mayar ba.

Na huɗu, a koma kan allo. A rubuta jimla biyar daga abin da suka faɗa da bakinsu, su karanta, su kwafa. Yaro ba ya saurin manta kalmar da shi ya furta ta.

Wasu iyaye za su ce ba wasa suka aiko 'ya'yansu yi ba, wasu kuma su tuna da camfin cewa ba a yin tatsuniya da rana. Kada a yi musu gardama. A sanar da kwamitin makaranta da maigari tun kafin a fara, a gayyace su su gani, a nuna musu littafin yaron. Inda aka fi son a raba maza da mata, a raba. Kada a yarda a kwaikwayi wani mutum na gari, ko a yi wa wata ƙabila ko mai naƙasa ba'a. In akwai tsohuwa mai labari a unguwa, a roƙe ta ta zo ta buɗe da bakinta.

Roƙona shi ne kowane malami ya ware rabin awa a mako har ƙarshen zangon nan, ya kuma lura da yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba. In mun sake haɗuwa, ku zo mana da labarinsu.