Kayan Fiɗar Kafaɗa da Haƙƙin da ke Wuyanmu



Abin da za mu tattauna a yau shi ne kayan da likitoci ke aiki da su wajen fiɗar kafaɗa, kuma manufarmu ita ce mu nuna cewa gwanintar likita ba ta amfanar majinyaci sai in akwai kayan aiki a hannunsa, masu kyau, masu tsabta, a lokacin da yake bukatarsu.

Mu fara da ita kanta kafaɗar. Babu gaɓar da ta kai ta juyawa a jikin ɗan Adam, domin kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi na allon kafaɗa, sai tsoka da jijiyoyi da leɓen guringuntsi ke riƙe da shi. Saboda haka ne ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. Ga ta kuma a binne cikin nama, da wata babbar jijiya a ƙarƙashinta wadda in aka yanke ta bisa kuskure, ɗaga hannu zai gagari mutum. To, matsalar likita guda biyu ce: yadda zai gani, da yadda zai isa wurin ba tare da ya yi ɓarna ba.

Kayan sun kasu kashi uku. Na farko su ne na buɗe hanya: wuƙar fiɗa, da almakashi, da hantsakin danne jijiyar jini, sa'an nan da ƙarafa masu kama da ƙugiya da ake janye tsoka da su. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Fukuda, aikinsa tura kan ƙashin damtse baya domin gurbin ya bayyana.

Na biyu shi ne madubin leƙa gaɓa, watau siririn bututu mai kaurin kimanin milimita 4, da haske da kyamara. Likitan Japan Kenji Takagi ya fara gwada leƙa gwiwa a 1918, ɗalibinsa Masaki Watanabe kuma ya kyautata na'urar. Da ita ake shiga ta 'yan ƙananan ƙofofi, a cika gaɓar da ruwan gishiri, a duba ciki a kan allo. Ta wannan hanya ake ɗinke leɓen da ya ɓalle, ciwon da likitan Ingila Bankart ya bayyana a 1923, da ƙananan kusoshi masu ɗauke da zare waɗanda ake kafawa cikin ƙashi.

Na uku su ne na sauya gaɓa: zarto, da na'urar huda ƙashi, da guduma, da gaɓar ƙarfen kanta. A 1893 Jules Péan ya sa wa wani majinyaci kafaɗar ƙarfen filatinam da roba a birnin Faris, amma bayan shekara biyu dole aka cire ta saboda ruɓa. A 1985 Paul Grammont na Faransa ya fito da gaɓar da aka juya tsarinta, ƙwallon a jikin allon kafaɗa, gurbin a kan damtse, domin waɗanda tsokar da ke riƙe gaɓar ta lalace.

Labarin Péan yana ɗauke da darasi. Kome kyan ƙarfe, in ƙwayar cuta ta zauna a jikinsa, aikin ya tashi a banza. Shi ya sa ake turara kayan fiɗa cikin tukunyar tururi mai zafin digiri 134, tukunyar kuwa tana bukatar wutar lantarki da ruwa da mai gyara.

A nan maganar ta iso kanmu. Cikinmu akwai waɗanda za su zauna a ma'aikatar lafiya su sa hannu a takardar sayen kaya, da injiniyoyin da za a kira in na'ura ta tsaya. Manomin da kafaɗarsa ta goce, ko wanda ya faɗo daga babur aka kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, da hannunsa yake ciyar da iyali. In aka sayi madubi babu kayan gyaransa, ko aka jinkirta takarda wata shida a kan tebur, shi zai biya da guminsa.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lalle ne duk wanda aka ɗora wa wannan amana ya tambayi likitoci da ma'aikatan jinya kafin ya saya, ya kuma ware kuɗin gyara tun ranar sayen.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.