WA ZA A FARA TAIMAKA WA IDAN HAƊARI YA AUKU NESA DA ASIBITI?

 

Ya 'yan'uwa 'yan agaji, mu ɗauka mota ta kife da mutane a daji, asibiti kuwa sai an yi tafiyar sa'o'i. Abin da muka saba gani shi ne jama'a su ruga wurin wanda ya fi kowa ihu. Wannan kuskure ne. Mai ihu yana numfashi, kuma yana cikin hayyacinsa. Wanda ya yi shiru, da wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa, su ne a bakin halaka.

Lalle ne mu fara da jini. Jinin da ke jikin baligi bai wuce kimanin lita 5 ba, idan kuwa babbar jijiya ta yanke, 'yan mintoci sun isa ya ƙare. Sai a ninke tsumma mai tsabta a danna kan raunin da ƙarfin hannu biyu. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a ɗaga don a leƙa. In jinin hannu ne ko na ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, sai a ɗaure gaɓar da ƙyalle mai faɗi, kamar rawani ko ɗankwali, yatsu uku sama da raunin, ban da kan gwiwa. A sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Zai yi zafi ƙwarai, zai roƙe mu mu kwance. Kada mu kwance. Da yawanmu an koya mana a riƙa sassauta ɗaurin lokaci-lokaci. An bar wannan koyarwa, domin abin da likitocin soja suka gani a yaƙin Afganistan da ya fara a 2001 da na Iraƙi a 2003 ya tabbatar da cewa ɗaurin na ceton rai, kuma likita ne kaɗai ke kwance shi.

Sai numfashi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada harshe ko amai su toshe masa maƙogwaro. A juya shi mutum uku, ɗaya na riƙe da kai daidai da gangar jiki, saboda mai yiwuwa wuya ya karye.

Karaya tana iya jira, a tallafe ta da sanda kawai. Ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki kada a zare shi, domin sau da yawa shi ke toshe jinin. Toka, ƙasa da man birki da wasu ke zubawa a rauni, cuta suke ƙarawa. Mai jin ƙishi a jiƙa masa leɓe, kada a ɗura masa ruwa, wataƙila aikin tiyata na jiransa. A kuma lulluɓe shi ko da rana ake yi, domin jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya saurin daskarewa.