Fulk Baƙi, Mai Gidan Anju

Yau Faransa muka nufa, ta shekara dubu da ta wuce, wajen wani mutum da ake kira Fulk Nera, wato Fulk Baƙi. Sunan sarautarsa "kaunt". Ku ɗauke shi kamar babban hakimi mai rundunar kansa: a baki yana ƙarƙashin sarki, amma a ƙasarsa ta Anju babu mai ɗaga masa yatsa.

A 987 ya gaji mahaifinsa, shekarunsa wajen 17. Sa'an ƙannenmu masu gama sakandare fa! Bayan shekara biyar ya gwabza da Konan na Biritani a Conquereuil, aka kashe Konan a fagen fama. Amma babban abokin gabarsa gidan Blois ne. A 1016, a yaƙin Pontlevoy, saura ƙiris Odo na Biyu ya gama da shi, har Fulk ya faɗo daga kan doki, sai ga Herbert na Maine ya kawo ɗauki, reshe ya juye da mujiya.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba takobinsa ba ne, gininsa ne. Duk inda ya sa ƙafa sai ya kafa sansani mai ganuwa, ya zuba mayaƙa: Langeais, Montbazon, Montrichard. A hankali ya yi wa birnin Tours zobe. Har gobe ragowar hasumiyar dutsen Langeais na tsaye, tana cikin mafi tsufa a Faransa.

To, cikin gida fa? Nan ne labarin ya yi muni. Matarsa ta farko, Elizabet, wuta ce ta ci ta wajen shekara ta 1000, kuma tsoffin littattafan tarihi sun ɗora masa alhakin, wai ya zarge ta da cin amanar aure. Ba a daɗe ba ya ɗauki hanyar Ƙudus neman gafara. Aƙalla sau uku ya yi wannan doguwar tafiya, ya kuma gina wa masu ibadar Kirista gida a Beaulieu. Sai dai duk dawowa, yaƙi yake komawa. Ni dai a ganina tsoron wuta yake, ba tausayin mutane ba.

Ɗansa Jofri Martel, wanda matarsa ta biyu Hildegad ta haifa, shi ma ya yi masa tawaye. An ruwaito cewa da tsohon ya murƙushe shi, sirdi ya ɗora masa a baya, ya sa shi ya zo ya durƙusa a gabansa. Fulk ya rasu a Metz a 1040, yana hanyar dawowa daga Ƙudus, bayan shekara 53 a kan mulki. Jofri ne ya kama Tours a 1044.

Amma Jofri ya mutu a 1060 bai bar ɗa ba. Sarauta ta koma hannun 'ya'yan 'yar'uwarsa Ermengad, wadda ba kasafai ake ambatonta ba. Jikanta Fulk na Biyar ya zama sarkin Ƙudus a 1131. Jikan wannan kuma, Henri na Biyu, shi ya hau gadon sarautar Ingila a 1154.