Ƙarin Garanti Kan Kayan Lantarki: Riba Ce Ko Asara?

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau, wanda ya ji shi daga nesa zai ce bai kai a tara jama'a dominsa ba. To amma yawancinmu da ke zaune nan, kafin shekara biyu ko uku za mu gama karatu, mu yi bautar ƙasa, mu kama aiki, waɗansu kuma su yi aure. Inda albashin farko yakan nufa kuwa sananne ne: fanka, da talabijin, da firji, in hali ya yi a haɗa da injin wanki ko na'urar sanyaya ɗaki. A shekarar 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a kan naira 70,000, watau firji guda yana iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni da dama. Wanda ya biya irin wannan kuɗi dole hankalinsa ya tashi in ya tuna kayan suna iya lalacewa. A daidai wannan lokaci ne mai kanti zai ce masa, "Ƙara ɗan wani abu, mu tsawaita maka garanti da shekara biyu ko uku." Tambayarmu ita ce, shin ya ƙara ko kada ya ƙara? Ra'ayina shi ne a mafi yawan lokaci kada ya ƙara, kuma zan kawo dalilaina.

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda duk akan kira su garanti. Na ɗaya shi ne haƙƙin da doka ta ba mai saye, wanda ba a biyan ko kwabo dominsa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kayan da ya sayar har shekara biyu aƙalla. A nan Nijeriya akwai Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku in sun kasa cika ingancin da ya kamata, a gyara masa, ko a canja masa, ko a mayar masa da kuɗinsa. Na biyu shi ne garantin kamfanin da ya ƙera kayan, wanda galibi shekara ɗaya ne, kuma kuɗinsa yana cikin farashin da aka riga aka biya. Na uku shi ne wanda muke magana a kansa, watau ƙarin garanti, wanda ake biya dabam. In aka dube shi da idon basira, wannan na uku inshora ce aka sa mata sunan garanti. A Amurka ma, dokar da aka kafa kan garanti a 1975 ta raba su, ta kira wanda ake biya dabam yarjejeniyar gyara.

Abu na gaba shi ne mu san lokacin da kayan lantarki suka fi lalacewa. Injiniyoyi sun daɗe da lura cewa rayuwar na'ura ta yi kama da ta ɗan Adam, tana da jarirantaka, da ƙuruciya, da tsufa. A watannin farko ne duk wani aibin da aka baro daga masana'anta yakan bayyana: wayar da ba a liƙa sosai ba, ko bututun iskar gas da ke yoyo. Na'urar da ta tsallake wannan siraɗi takan shiga doguwar zamanta ta lafiya, ta yi shekaru tana aiki ba ta ko tari. Sai can daga baya ƙarfe ya fara cinyewa, roba ta bushe, cuta ta riƙa bin cuta. In aka zana wannan a takarda, sai a ga tudu a farko, da tudu a ƙarshe, da kwari mai faɗi a tsakiya.

To, jama'a, ku lura da inda kowane garanti ya faɗa. Tudun farko doka da garantin kamfani sun riga sun rufe shi kyauta. Tudun ƙarshe, wanda a firji mai kyau yakan zo bayan shekara takwas ko goma ko fiye, ƙarin garanti ya daɗe da ƙarewa kafin a kai gare shi. Abin da ake sayar mana shi ne shekara ta biyu da ta uku, wani lokaci har ta biyar, watau tsakiyar kwarin nan, lokacin da na'ura ta fi ƙoshin lafiya. Masu sayarwa sun san wannan lissafi fiye da mu, shi ya sa suka zaɓi waɗannan shekaru.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji, da adadin da muka ƙaddara don misali kawai. A ce an sayi firji naira 400,000, an kuma ce a biya naira 40,000 don ƙarin shekara biyu. A ce kuma in ya lalace, matsakaicin gyara zai ci naira 100,000. Mutum ɗari in suka biya, an tara naira miliyan huɗu. Kafin wannan kuɗi ya koma wa waɗanda suka tara shi, sai firji 40 cikin 100 sun lalace a shekara biyun nan. In kuwa gaskiya ne firji 40 cikin 100 suna lalacewa kafin su cika shekara uku, ai wannan firji bai cancanci a saye shi ba tun farko. In kuma waɗanda ke lalacewa ba su kai haka ba, to ragowar kuɗin ta tafi wajen la'adar yaron kanti, da ribar mai kanti, da ribar kamfanin inshora. Kowa na iya yin wannan lissafi a tsaye: ka raba kuɗin garanti da kuɗin gyara, abin da ya fito shi ne yawan lalacewar da sai ta auku kafin cinikin ya zama na adalci.

Kada a ce wannan zato ne na ɗalibi. A Ingila, inda wannan ciniki ya yi ƙarfi ƙwarai, an miƙa shi ga hukumar da ke kula da gasa tsakanin 'yan kasuwa a 2002, ta bincika, ta fitar da rahotonta a watan Disamba na 2003. Abin da ta gano shi ne yawancin mutane suna sayen ƙarin garanti ne nan take a kantin da suka sayi kayan, ba tare da sun kwatanta farashi da na wani wuri ba, saboda haka manyan kantuna ba su da abokin gasa na sosai, farashi kuma ya wuce yadda ya kamata. Dalilin haka aka kafa doka a 2005, wadda ta tilasta wa kantuna su rubuta kuɗin garanti kusa da kuɗin kaya, su ba mai saye farashi a rubuce wanda zai tsaya har kwana 30, su kuma yarda ya fasa cikin kwana 45 a mayar masa da kuɗinsa cif, muddin bai riga ya nemi gyara ba. A Amurka kuwa, mujallar Consumer Reports, wadda tun 1936 take gwada kayayyaki don amfanin masu saye, ta sayi shafi guda a jaridar USA Today a 2006 don kawai ta gargaɗi jama'a kan sayen ƙarin garanti. In ƙasashen da wutarsu ba ta wasa, kotunansu kuma suna kusa, sun ga abin da gyara, mu fa?

Wannan ya kawo mu gida. Abin da ya fi kashe kayan lantarki a ƙasar nan kowa ya san shi. Wuta ce da za a ɗauke a kawo da ƙarfi ta ƙone talabijin, ko ta zo ba ƙarfi kwamfiresan firji ya yi ta gurnani har ya ƙone, ga kuma janareto da ke hawa da sauka. To, in kuka juya bayan takardar garanti kuka karanta ƙananan rubutun nan, galibi za ku tarar an cire ɓarnar da hawa da saukar wuta ta jawo, an cire ta tsawa, da ta ruwa, da ta ɓera. Watau cutar da ta fi damun mu ita ce aka ce ba a maganinta. Mutum zai kai kayansa, a buɗe, a ce masa wuta ce ta ƙone su, shi ke nan magana ta ƙare.

Akwai waɗansu sharuɗɗan da suka shafe mu musamman. Ɗaya, in wani mai gyara wanda ba na kamfani ba ya buɗe na'urar, garanti yakan faɗi. Ma'aikacin da aka tura ƙaramar hukuma mai nisa, firjinsa ya tsaya cikin bazara da nama a ciki, shin zai ɗauki hayar mota ya kai shi babban birni ya jira makonni, ko kuwa zai kira mai gyaran bakin kasuwa? Biyu, garantin kayan gida yakan haramta amfani da su don sana'a. Gidaje nawa ne a cikinmu uwargida ke sayar da ƙanƙara, ko zoɓo, ko kunun aya daga firizar gida? Wanda ya fi kowa bukatar kariya shi ne sharaɗin ya fitar. Uku, kayan da aka sayo daga Dubai ko Saudiyya, garantinsu galibi a ƙasar da aka saye su yake aiki. Huɗu, takarda ba ta fi wanda ya sa mata hannu ƙarfi ba. Kantin Comet na Ingila, wanda aka kafa a 1933, ya rufe a 2012 bayan ya kusa shekara tamanin yana ciniki. In irin wannan zai iya gushewa, dole mu tambaya: wa ke tsaye bayan takardar da aka ba mu, kamfanin da ya ƙera kayan ne, ko kamfanin inshora mai rajista, ko kuwa mai shagon da wataƙila baɗi ya koma wata sana'a?

Adalci ne kuma in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da ƙarfi. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kayan gyara kuwa daga waje ake shigo da su. Saboda haka wanda ya biya garanti da kuɗin jiya, aka yi masa gyara da farashin yau, lalle ya ci riba. Daɗin daɗawa, na'urorin zamani masu inbata suna da allon lantarki mai tsada, wanda ba kowane mai gyara ke iya taɓa shi ba. Sai dai wannan hujja tana tsayawa ne in yarjejeniyar ta ce za a gyara ko a canja kayan, ko nawa suka kai. In ta ce iyakar abin da za a biya shi ne kuɗin da aka sayi kayan, to faɗuwar naira a kan mai saye za ta ƙare, don kuɗin firjin jiya ba ya sayen firjin yau.

Haka nan a yi hattara da manyan lambobin da ake liƙawa a ƙofar firji, irin su shekara 10. In aka bincika, sau da yawa kwamfiresa kaɗai ake nufi, kuma ƙarfen kawai za a bayar, kuɗin aiki da na gas da na mota suna wuyan mai kaya. Wannan garanti ne na kamfani, kyauta ne, a karɓa da godiya, amma a san iyakarsa.

To, mene ne abin yi? Shawarata ta farko, a kashe kuɗin wajen zaɓen kaya masu inganci daga dillalin da kamfani ya amince da shi, wanda ke da wurin gyara a garin da mutum yake zaune, domin araha ba ta ado. Ta biyu, a karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar na'ura, a sa a buga hatimi a katin garanti, a adana su inda ake adana takardun makaranta. Ba tare da su ba, haƙƙin da doka ta bayar ma yana da wuyar karɓa. Ta uku, kuɗin da za a ba da na ƙarin garanti a sayi sitabilaiza mai kyau da shi, da ɗan akwatin nan da ke jinkirta shigar wuta cikin firji na 'yan mintoci bayan an kawo ta, a kuma sa mai aikin wuta ya duba wayoyin gida. Rigakafi ya fi magani. Ta huɗu, a riƙa ware ɗan wani abu kowane wata a asusun gyara. Gaskiya ne tsadar kaya tana rage masa daraja, amma asusu guda yana tsaya wa fanka da talabijin da firji gaba ɗaya, ba ya kuma kafa sharaɗi, in babu abin da ya lalace kuɗin yana hannun mai shi.

Wanda kuma duk da haka hankalinsa ya fi kwanciya da ƙarin garanti, kada ya biya ranar da ya sayi kaya. Ya karɓi takardar sharuɗɗa ya tafi gida da ita, ya nemi amsar tambaya huɗu a rubuce: Shin ta haɗa da ɓarnar wuta? Wa zai biya kuɗin aiki da na ɗauko kaya? Daga yaushe take fara aiki, daga ranar saye ko bayan garantin kamfani ya ƙare? Wane kamfani ne zai biya, ina kuma ofishinsa? In amsoshin sun gamsar, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin gyara, sai ya saya. In kuwa mai kanti ya ce sai dai a biya yanzu, ba ya ba da takarda a tafi da ita, to wannan cinikin biri ne a sama.

'Yan'uwana, mu da aka kashe wa dukiyar jama'a muka yi karatu, ba kanmu kaɗai za mu yi wa sayayya ba. Mu ne iyayenmu da maƙwabtanmu za su miƙo wa takarda su ce, "Karanta mini." Wajibi ne mu karanta musu har ƙananan rubutun da ke ƙasa, mu kuma gaya musu cewa doka ta ba su haƙƙi, akwai kuma hukumar da ake kai mata ƙara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.