TSORON KUSKURE DA KOYON TURANCI: KIRA GA 'YAN SHEME MAZAUNA BIRANE

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka tuna da mu tsofaffin malamai, suka nemi mu ce wani abu game da koyon Turanci. Mun shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976, mun riƙe alli har lokacin ajiye aiki ya yi. Darasin da muka ɗauka a tsawon waɗannan shekaru shi ne, ɗan Sheme ba ya rasa basira. Abin da yake ɗaure masa harshe tsoro ne, tsoron kada ya yi kuskure a yi masa dariya.

MATSAYIN TURANCI A GABAN 'YA'YANMU

Ko muna so ko ba ma so, Turanci yana tsaye a bakin kowace ƙofa da yaro zai bi. Kiredit a Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, sharaɗi ne na shiga jami'a. A jarrabawar JAMB kuwa, wadda tun 2015 ake yin ta da kwamfuta zalla, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa, ko likita yake son zama ko alƙali. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sannan da Hausa da Igbo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Masana suna ta muhawara a kai. Shi kuwa yaron ƙauye, muhawarar ba ta ɗage masa ranar jarrabawa.

A kan wannan nauyi sai ga na rashin tsaro. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantun kwana na jiha. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi. Yaran da suka yi asarar zangunan karatu a waɗancan shekaru su ne a yau suke zama a ɗakin jarrabawa ɗaya da 'ya'yanku da suka tashi a birni. Tambaya iri ɗaya ake yi musu, maki iri ɗaya ake nema daga gare su.

LAIFINMU MU MALAMAI

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko da a kanmu take. A zamaninmu, mun ɗauka cewa bulala za ta koyar da harshe. Mukan sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, da safe a fito da shi gaban taro. Wanda ya yi ƙoƙari ya yi Turanci ya karkace, mu da kanmu mukan maimaita kuskuren nasa har aji ya fashe da dariya. Me muka girba? Shiru. Yaro ya gane cewa Hausa tana jawo duka, Turanci yana jawo dariya, sai ya zaɓi rufe baki. Mun yaye ɗalibai da suka haddace ƙa'idojin nahawu, suna cika takarda da amsa, amma idan baƙo ya tambaye su sunansu sai su sunkuyar da kai. Wasunsu sun tsaya gaban masu tantance ma'aikata da takardu masu kyau a hannu, suka kasa furta abin da suka sani sarai.

DARASI DAGA KASUWA

Da mun lura, da kasuwar Sheme ta ishe mu makaranta. Ku dubi dillalin shanu da bai taɓa zama a kan benci ba, yadda yake ciniki da baƙon da ya zo daga Kudu. Yana haɗa guntun Turanci da guntun Yarbanci, inda kalma ta ƙare ya cike da yatsu, kuma ba a tashi sai an sallama. Bayan shekara biyu sai ka ji bakinsa ya faɗa. Abu biyu yake da su waɗanda ɗalibinmu ya rasa: yana da buƙatar da yake son biya, kuma ba ya jin kunyar tuntuɓen harshe. Hausawa sun ce da koyo akan iya. Ba a taɓa koyon hawan keke daga kan tabarma ba.

Kuskuren da muke yi ma yana da dalili, ba dakiƙanci ba ne. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da na "f", ba ta da "v", kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba tare da wasali ba. Shi ya sa da muka ari kalmominsu muka ce tebur da burodi da sukurudireba. Bature ma da ya zo koyon Hausa haka yake fama da ɓ da ɗ da ƙ, yana kiran ƙofa kamar yana kiran kofi. Idan malami ya bayyana wa yaro wannan, ya nuna masa yadda ake haɗa leɓɓa, sai kunya ta kau, aiki ya rage na maimaitawa.

MAGABATA SUN NUNA HANYA

A nan jiharmu aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya fito malamin makaranta kamar mu. Shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ya yi jawabi da sunan Nijeriya, kuma daɗin lafazinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Wannan mutum shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Abubakar Imam, wanda shi ma ɗan wannan kwaleji ne, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba a gidan Turawa aka haife su ba. Da girmansu suka koya, kuma ƙarfin da suke da shi a harshen uwa bai rage musu komai ba. Saboda haka muna roƙon ku mazauna birane, kada neman Turanci ya sa 'ya'yanku su kasa gaida kakanninsu idan sun zo hutun Sallah.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ga ɗalibai, kowa ya ajiye burinsa a gabansa ya kira shi da suna: aikin jinya ne, ko koyarwa, ko shari'a, ko kasuwanci. Mai buri ba ya jin zafin dariya. Ku karanta shafi ɗaya da ƙarfi kowace rana. Ku saurari labarai da Hausa a rediyo, sannan ku saurare su da Turanci, domin sanin labarin zai buɗe muku ma'anar kalmomin. Ku tanadi ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, biyar a rana sun isa. Ku samu aboki ku yi alkawarin hira da Turanci na minti 15, ba tare da ɗayanku ya yi wa ɗaya dariya ba.

Ga malamai, a bar yaro ya kai ƙarshen jimlarsa kafin a gyara masa, kuma a gyara kuskure ɗaya, a yaba ƙoƙari. A kula da 'ya'ya mata musamman, domin kunyarsu ta ninka ta maza.

Ga wannan ƙungiya kuwa, buƙatunmu uku ne. Na farko, a farfaɗo da gasar muhawara da kacici-kacici tsakanin makarantunmu, da Turanci da Hausa, sau ɗaya kowane zango, ƙungiya ta ɗauki nauyin kyaututtuka. Na biyu, kowane gida a birni ya tattaro littattafan da 'ya'yansa suka gama da su, a kawo gida a kafa akwatin karatu a kowace makaranta. Na uku, 'ya'yanmu da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello su ba da sati biyu na dogon hutu, su zauna da masu shirin jarrabawa, su saba musu da kwamfuta da amsa tambaya baki da baki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Jama'a, duk lokacin da masifa ta auka wa yankinmu, mukan zo neman wanda zai rubuta koke, wanda zai tsaya gaban hukuma ko 'yan jarida ya faɗi halin da muke ciki ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Irin wannan mutum a aji huɗu na firamare ake fara gina shi, ranar da ya ɗaga hannu ya yi kuskure, malami ya ce masa ya ci gaba. Mu mun yi namu da daidai da kuskure, saura ku. Muna fatan idan Allah Ya kai mu taron baɗi, ɗaya daga cikin yaran garin nan ne zai yi wa baƙi maraba da harsunan biyu.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.